Kiɗan Na'ura a Kano da Yamai: Sana'ar da Ta Girma a Bayan Katangar Makaranta

A titin Gidan Zoo da lungunan da ke kewaye da shi a Kano akwai ɗakuna da yawa, wasu a saman bene wasu a bayan shaguna, waɗanda aka liƙa wa soso a bango don kada ƙarar janareta ta shiga cikin aiki. A irin waɗannan ɗakuna ake haɗa kaso mai yawa na waƙoƙin da ake ji a gidajen biki da motocin haya, tun daga Sakkwato har Agadas. Mawaƙi ne ke zuwa da waƙarsa, a ka ko a takarda, ya rera amshin da baki. Mai kiɗa yana zaune gaban fiyano yana lalube da yatsu har ya kama karin, sannan ya shimfiɗa ganga, ya ɗora sarewa a kai, ya ƙara abin da kunnensa ya ce a ƙara. Daga nan mawaƙin ya tsaya gaban makirufo ya ɗora murya, a kira mai amshi ita ma ta ɗora tata. Idan wuta ba ta ba da matsala ba, kafin dare waƙa ta fara yawo a wayoyi.

Wanda ke gaban fiyanon nan yana sarrafa na'urar Japan da manhajar Beljiyam ko ta Jamus, amma da wuya a tarar a aji ya koyi aikin. A wajen oga ya koya, shi ma ogan a wajen wani. Yadda aka yi sana'a mai cin mutane da yawa haka ta tashi ba tare da makaranta ta san da ita ba, labari ne da ya faro tun kafin a kawo lantarki ƙasar Hausa.

A da, kiɗa gado ne, kuma kowane kiɗa da masu shi. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a buga wa kowa su. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Kalangu ya taso tare da mahauta, dundufa ta maƙera ce, manoma na da gangarsu, 'yan tauri da 'yan dambe kowa da nasa take. Yaron gidan makaɗa yana fara bin tawaga tun bai iya ɗaukar ganga ba. Ya riƙe kaya, ya shiga sahun 'yan amshi, ya koyi ɗaure fata da ja mata tsarkiya, sai bayan shekaru a ba shi ƙaramar ganga ya riƙa cike gurbi. Ta wannan hanya Musa Ɗanƙwairo ya fito daga gidan kiɗa a ƙasar Maradun ya zama gwanin kotso. Ba a rubuta komai, amma akwai matakai, akwai horo, akwai ranar da ubangida zai sallami yaro ya kafa tasa ƙungiyar. Ko waɗanda ba su koya a wajen iyayensu ba, irin su Mamman Shata da mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, a dandali da kasuwa suka goge, a gaban masu sauraro da ba sa ɓoye ra'ayinsu.

Sai dai al'umma tana son kiɗan, ba ta cika son ɗanta ya zama makaɗi ba. An haɗa makaɗi da maroƙi a layi ɗaya, kuma malamai sun daɗe suna sukar kaɗe-kaɗen shagala. Waƙa kuwa ba ta gamu da wannan ƙyama ba, matuƙar babu ganga a bayanta. Shugabannin jihadi da kansu sun rubuta waƙoƙi, Nana Asma'u ta karantar da mata ta hanyar waƙa, Aliyu Namangi na Zariya ya rera Imfiraji mutane suka haddace. Da makarantar boko ta zo, wannan rabon ta tarar, kuma shi ta bi. Makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, amma ba a kira Sarkin Makaɗa ya zo ya koyar ba. 'Yan firamare sun yi ta rera waƙoƙin tsafta da na neman ilmi, 'yan Islamiyya sun rera na tauhidi da na yabon Annabi, duk da baki da tafi. Gangar da ta samu shiga harabar makaranta ita ce ta fareti.

A kudu abin ya sha bamban, domin coci ta riga ta saba wa yara da molon Turawa da karanta kiɗa a takarda. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen nazarin kiɗa tun 1961. Jami'o'in arewa sun yi wa makaɗa hidima babba, amma ta fuskar adabi. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan waƙar baka, da Shata a tsakiyar nazarin. Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da tsara hanyar nazarin waƙoƙinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Duk wannan aiki a kan kalmomi ya fi tsayawa, wato turke da salo da zambo da habaici. Ɗalibi zai iya feɗe waƙar Narambaɗa ɗango bayan ɗango, bai taɓa riƙe kotso ba, balle ya san inda ake kafa makirufo idan za a ɗauki amonsa.

Wurin da makaɗi ya fara haɗuwa da na'ura shi ne gidan rediyo. A 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano, ana rataya lasifika a wuraren taruwar jama'a. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila, EMI da Granada. Su suka zo da kayan aiki da ƙwararru, gwamnati ta kawo wuri da ma'aikata, makaɗa suka zo da abin da babu wanda ke da shi sai su. A ɗakunan ɗaukar sauti na Kaduna aka samu rukunin farko na 'yan arewa da suka san yadda ake daidaita muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da amon kalangu a kan tef ɗaya. Mafi yawan abin da ake ji yau na tsofaffin makaɗa daga irin waɗannan ɗakuna ya fito, da faifan garmaho, sannan kaset ya zo ya watsa shi ƙauye da birni. Baƙi ma sun yi nasu: David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗe a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, kuma shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

A wancan gefen iyaka kuwa, a Nijar, wani malamin makaranta ne ya fara kiɗan na'ura. Mamman Sani, wanda aka haifa a Ankara ta Gana ya girma a Nijar, ya yi koyarwa kafin ya koma aiki da UNESCO. A shekarun 1970 ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya koya wa kansa. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kaset guda, shi kaɗai da na'urarsa, yana juya karin waƙoƙin gargajiya na Nijar zuwa amon lantarki. Kaset ɗin bai yaɗu a kasuwa ba, amma rediyo da talabijin suka mai da kiɗan abin cike tazara tsakanin shirye-shirye, har mutanen Nijar suka haddace shi ba tare da sanin sunan mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji.

Nijar ta yi wani abu da arewacin Najeriya ba ta yi ba. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, aka riƙa bikin matasa na ƙasa kowace shekara, kowace jiha na zuwa da mawaƙanta da 'yan rawarta. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa. Gasar ta fito da matasa masu murya da basira, ta kuma tona asirin abin da suka rasa: kayan kiɗa, wurin gwaji, da wanda zai ɗauki sautinsu yadda ya kamata. Wajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a Yamai, wadda aka fi sani da CFPM, aka sa mata sunan marigayi Alhaji Taya, ɗaya daga cikin jagororin kiɗan zamani na ƙasar. Asusun raya ƙasashe na Turai ne ya ba da kuɗin farawa, gwamnati ta ba da wuri, masana kiɗa irin su Mahaman Garba, wanda ya yi digirinsa na uku a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar, suka riƙe ragamar aiki.

Abin da ya bambanta wannan cibiya shi ne waɗanda ta buɗe wa ƙofa. A harabarta akwai ɗakin ɗaukar sauti, akwai azuzuwan koyon jita da fiyano da karatun kiɗa, akwai kuma ma'ajiyar kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar da taskar kasakasai. Mai gurmi da mai kalangu da mai sarewar Fulani suna shiga ta ƙofar da mai jita ke shiga, kuma a matsayin masu sani ake karɓarsu. Daga wannan cuɗanya ƙungiyar Takeda ta fito a farkon shekarun 1990, mawaƙa irin su Adams Junior da Fati Mariko da Musa Pusi da Sa'adu Bori na Maraɗi suka samu dandalin gogewa. A 1994 Musa Pusi da Sa'adu Bori suka fitar da faifan haɗin gwiwa da ya kai kasuwannin Turai, kuma waƙoƙin Sa'adu suka ratsa iyaka suka cika Katsina da Kano. A 1995 Yakuba Mumuni, mai busa sarewa, ya kafa Mamar Kassey da abokan aikinsa na cibiyar, suka haɗa molo da ƙwarya da kalangu da jitar lantarki, suka zagaya duniya da su.

Labarin Malam Mamman Barka ya fi kowanne nuna amfanin wurin. Batube ne daga Taskar, malamin makaranta, wanda ya yi suna da gurmi da waƙoƙinsa na Hausa kafin ya koma aiki a cibiyar. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gabar Tafkin Chadi wajen Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya 5 da siffar kwalekwale, na masuntan Buduma. Ya zauna a gabansa zaman ɗalibi har ya iya, dattijon ya mallaka masa biram ɗinsa. Barka ya dawo da shi Yamai, ya ɗauki faifai da shi tare da makaɗi Umaru Adamu, faifan ya fito a Ingila a 2009. Barka ya rasu a Nuwamban 2018, amma amon biram yana nan a ɗauke. Ba don akwai wata hukuma da ta ɗauki zaman malamin boko a gaban tsohon masunci a matsayin karatu ba, da kiɗan ya bi mai shi kabari.

Ba a rasa cikas ba. Kuɗin Turai na wa'adi ne, da wa'adin ya cika nauyi ya dawo kan gwamnatin da ke fama da albashi, na'urori kuma suna tsufa. Cibiya ɗaya ce a babban birni, yaron Damagaram ko na Tawa sai ya yi tattaki. Duk da haka ta bar shaidar cewa ana iya zaunar da gado da na'ura a inuwa ɗaya.

Kano ta bi wata hanyar, wadda ba wanda ya tsara ta. Tun shekarun 1960 gidajen silima irin su Palace da Plaza da Orion ke nuna finafinan Indiya, kunnuwan matasa suka cika da karinsu. Masu bandiri suka ɗauki karin suka ɗora masa begen Annabi, har aka samu ƙungiyar da ake kira Ushaƙu Indiya, 'yan matan Islamiyya su ma suka riƙa rera waƙoƙin makaranta a kan irin wannan kari. Kunne ya riga ya shirya, abin bugawa ne babu. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa a shekarun 1980 Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana da ƙaramin fiyano samfurin Casio, kuma a kansa matasa irin su Nasiru Gwale da Ali Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma suka goge hannu. Hukumar ba makarantar kiɗa ba ce, 'yan rawa da 'yan wasan gargajiya take riƙewa. Amma tana da na'ura, tana da makaɗan gargajiya a harabarta, kuma ba ta kori yaran da ke leƙe ba. Mazauninta a yau shi ne Gidan Ɗan Hausa, gidan mutumin nan da ya buɗe makarantar 1909.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai ga kasuwa ta buɗe. Fim na bukatar kiɗa, ɗaukar tawagar makaɗa kuwa da tsada, ga shi ba su saba bin umarnin darakta ba. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke ɗauke da ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa na duniya a cikinsa. Babu kalangu a jerin, babu goge, babu bandiri. Masu kiɗan suka zauna suna danna muryoyin ɗaya bayan ɗaya, suna neman wadda ta fi kusa da abin da suka tashi suna ji: wannan busar ta yi kama da sarewar makiyaya, wannan gangar idan an sassauta ta za ta wuce a matsayin kalangu, wannan tsarkiyar ta ɗauko garaya. Aiki ne na kunne zalla, kuma aiki ne mai wuya, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, idan kiɗa ya taka karin kalma ma'ana ta karkace. Shi ya sa har gobe waƙa ce ke gaba a situdiyon Kano, kiɗa na biye, kamar dai yadda makaɗan Shata suka riƙa jiran bakinsa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai cewa waƙa ɗaya mai daɗi tana iya sayar da fim. Daga nan kowane furodusa sai da waƙa, situdiyo suka yi ta tsirowa, aka samu abin da ake kira nanaye.

Kwamfuta ta zo ta sauƙaƙa abin da ya rage. Manhajoji irin su Cubase da FL Studio sun ba mutum ɗaya damar ɗaukar murya sau goma ya jera su, ya goge kuskure, ya miƙe muryar da ta kauce da Auto-Tune. Tsarin koyo kuwa bai sauya daga na gidan makaɗa ba. Yaro ya fara da shara da sayo man janareta, ya koma naɗe wayoyi, ya zauna bayan oga yana kallon allo wata da watanni, sai dare ya yi kowa ya watse ya samu taɓa fiyano. Ranar da oga ya yi tafiya ya bar masa aiki, ranar ce jarrabawarsa. Ko lokacin da aka shiga takun-saƙa da Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, musamman daga 2007 da aka dakatar da ɗaukar fim na wani lokaci, da 2009 da kotu ta haramta waƙoƙi 11, koyon bai tsaya ba. Wasu suka koma Kaduna da na'urorinsu, waƙoƙin kuma suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya. Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Fati Nijar da Nura M. Inuwa da Ali Jita duk ta cikin waɗannan ɗakuna muryoyinsu suka fito, kuma bayan kowace waƙa tasu akwai mai kiɗan da sau da yawa sai a ƙarshen waƙa ake jin an ambaci sunansa.

Wannan hanya ta ciyar da gidaje masu yawa, kuma ta cancanci a girmama ta. Amma tana da iyaka, masu sana'ar ma sun san da haka. Oga ba ya koyar da abin da bai sani ba, don haka kuskuren haɗa sauti ɗaya sai ya bi zuriyar situdiyo guda. Yarinya tana shiga ta ɗora murya, amma zaman dare a bayan oga ba abu ne da iyaye za su lamunta ba, shi ya sa kujerar mai haɗa sauti ta zama ta maza kusan gaba ɗaya, alhali mata ne suka riƙe kiɗan ƙwarya da shantu tun fil azal, har Barmani Choge ta kai amada inda ta kai. Sannan fiyano ya raba makaɗan gargajiya da gidajen biki da dama, aka wayi gari saurayin da ya ƙware wajen kwaikwayon kalangu da yatsu bai taɓa ɗaukar amon kalangun gaske ba.

A takarda, makaranta ta daɗe da amincewa da kiɗa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ba fasahohin al'ada gurbi, manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara 9 da aka fitar a 2007 kuma ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda. A makarantun gwamnati da yawa na arewa darasin a allo yake ƙarewa: malami ya rubuta sunayen kayan kiɗa, yara su kwafa, a tambaye su a jarrabawa. Malamin ba shi da laifi, shi ma haka aka koya masa, kuma babu ko ganga ɗaya a ofishin hedimasta. Abin da ke da ciwo shi ne kusancin abin da ake nema. A unguwar da makarantar take, da wuya a rasa situdiyo mai fiyano da kwamfuta da ke zaman banza da safe, lokacin da mawaƙa ba su fito ba. A fadar hakimi ko ta sarki akwai masu kotso da algaita da 'ya'yansu suka kama wasu sana'o'in. Gidajen rediyon jihohi suna da injiniyoyin sauti da suka yi ritaya, da tsofaffin tef da ke jiran wanda zai juye su a kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su. Kwamitocin iyaye da malamai, waɗanda suka saba tara kuɗin gyaran rufi da sayen benci, ba su saba kallon waɗannan mutane a matsayin malamai ba, kuma tsohuwar ƙyamar nan ta roƙo tana cikin dalilan. A Yamai sai da gwamnati da masana da masu ba da tallafi suka taru kafin mai gurmi ya samu kujera a aji. A Kano har yanzu shawarar tana hannun hedimasta da iyayen yara, unguwa-unguwa.